Yadda Ake Share Hanyar Tare Wutar Daji a Ƙasar Kurfey

Shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da ya kamata makiyayin Kurfey ya rage barci. Ruwa ya sauka, ciyawa ta rufe tudu da kwari tun daga bayan Filinge har Abala da Sanam, sai ga watan Oktoba ta bushe ƙayau, ba abin da take jira sai ƙyastu ɗaya. A shekarar fari wuta ba ta samun abin ci, tana tashi take mutuwa a fako. A shekarar albarka kuwa, garwashin da mai shayi ya manta bai binne ba ya isa ya lashe abin da garkuna za su ci har bazara.

In ana maganar gobara a wurin aiki, hankali kan tafi kasuwa da ofis, a tuna Babbar Kasuwar Yamai da ta ƙone a 1982. To amma wurin aikin Bafulatani da Ba'abzine da manomin Kurfey mai 'yan shanunsa daji ne, kuma ciyawar da ke tsaye a cikinsa ita ce rumbunsu na wata takwas ko tara. Ko tashar kiwo ta Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, inda ake inganta irin shanun Azawak tun 1954 a fili fiye da hekta 4,000, ciyawar nan ta damina ce ƙashin bayan kiwonta. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, amma motarsu ba ta iya bin wuta cikin rairayi. Abin da ke tare ta shi ne doguwar hanya da aka share tas tun da wuri, wadda in wuta ta iso bakinta za ta rasa abin kamawa.

Abu na farko shi ne lokaci, kuma a nan aka fi yin sake. Ana fara aikin da zarar ruwa ya ɗauke ciyawa ta soma ja, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Matsalar ita ce daidai lokacin ne kowa ke gona yana girbin gero da roron wake, kuɗin aikin kuma, in daga gwamnati ko ƙungiyoyin agaji za su fito, sukan iso a makare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hanyar da aka share a Janairu, bayan iskar hunturu ta yi wata biyu tana kaɗawa, sau da yawa toka kawai take gadi. Saboda haka tun ana cikin damina maigari zai tara jama'a, a kira arɗon Fulani da shugabannin zangon Abzinawa, a kira ma'aikacin gandun daji da na kiwo, a sanar da hukumar gari, a yanke inda za a bi da wanda zai yi wane yanki. Yanayin tsaro a arewacin Tilaberi ya sa yanzu ba a shiga daji mai nisa da taron mutane sai da sanin hukuma, wannan ma a zaman nan ake daidaita shi.

Sai zaɓen inda hanyar za ta bi. Iskar hunturu daga gabas maso arewa take busowa, wuta kuma bayanta take bi. Don haka hanyar gicciye za ta yi wa iska, ta taso daga arewa maso yamma ta nufi kudu maso gabas. Wanda ya ja ta a miƙe tare da iska ya yi aikin banza, wuta za ta bi gefe da gefe ta wuce abinta. Mai dabara ba ya share abin da Allah ya riga ya share masa: yakan haɗa hanyarsa da fako, da gindin dutse irin na bakin Dallol Boso, da burtali, da hanyar mota, da bakin tafki. Babban fili kuma ba a barinsa dunƙule, ana ratsa shi da wasu hanyoyin a raba shi gida-gida, yadda in wuta ta ci ɗaya sauran za su tsira. Tsofaffin makiyaya sun san inda wuta ta saba fitowa, galibi masheƙari da bakin rijiya da hanyar matafiya, a tambaye su kafin a kafa turke ko ɗaya.

Faɗin da aka saba yi mita 15 zuwa 20 ne. Mutum biyu za su riƙe igiya mai wannan tsawo su yi gaba, wasu na bin su suna kakkafa turaku ko jera duwatsu a gefe biyu. Kada a yarda da awon ido, domin gajiya na sa hanya ta tsuke. Wadda aka fara da mita 20 da safe takan koma 8 da la'asar, kuma ta wurin da ta tsuke wuta za ta ƙetare. Lissafin ba wuya: kilomita ɗaya mai faɗin mita 20 hekta biyu ke nan, kowane ayari ya san abin da ya ɗauka.

Sharar kanta da hauya da manjagara da adda ake yinta. Masu hauya na gaba suna kankare ciyawa daga tushe, masu manjagara na bin su suna janyewa. Karangiya ce ta fi yawa a rairayin nan, ga ƙaya, sai a ɗaure ƙafar wando a sa takalmi mai rufi. Datsi da komayya ba su da nauyi, kuma su ne iska ke ɗauka da wuta a jikinsu ta jefa tsallake. Abin da ake so shi ne ƙasa tsirara. A sunkuya a shafa da hannu: in tafin hannu ya taso da ɓuntu da guntayen kara, ba a gama ba, a sake bi da manjagara. Manyan itatuwa irin su aduwa da gawo ba a sare su, sai dai a share gindinsu a rage rassan da suka sauko ƙasa. Busasshen kututture da kashin shanu kuwa a kwashe su gaba ɗaya, don suna riƙe wuta a ciki har kwana ya kewayo.

Akwai masu share siraran layi biyu su ƙone tsakiyarsu don sauri. A ganina wannan ba dabarar da talaka zai yi shi kaɗai ba ce a ƙasa mai iska irin Kurfey. In ba ma'aikatan gandun daji a wurin, da isassun mutane, da sanyin safiya ko maraice lokacin da iska ta kwanta, a bar ashana a aljihu. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci ga mai cinna wa daji wuta, niyyar kirki kuma ba ta maido da ciyawar da ta ƙone.

Ciyawar da aka janye ba a tara ta a bakin hanya, wannan tara wa wuta abinci ne. A ɗaure ta dami-dami a ɗora a amalanke a kai gari, a jibge ta nesa da madafa da rumbuna, a share kewayenta. Wanda ya ga yadda ake rububin damin ciyawa a kasuwar Filinge ranar Lahadi cikin watan Mayu ya san ba shara aka kwaso ba. Sai dai a tsaya kan abin da ya fito daga hanyar. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa ƙa'ida kan kwasar ciyawa a wuraren kiwo, kada a fake da aikin a yashe wa makiyaya daji a kai birni.

Bayan an gama ba a juya baya. Iska na maido da ɓuntu, saboda haka a sa matasa su riƙa zagayawa da manjagara lokaci-lokaci, kowane gari kuma ya ware masu sa ido da lambobin wayar juna. Mai shayi ya haƙa ɗan rami ya dafa a ciki, in ya gama ya binne da rairayi. Mai ɗiban zuma da mai taba su ma a ja musu kunne.

Ranar da hayaƙi ya tashi, a buga waya ƙauyukan da ke ƙarƙashin iska tukuna, sannan hukuma. A karyo ɗanyun rassan sabara ko geza, a ɗauki shebur da jarkokin ruwan sha. Ba a tarar wuta ta gaba. Ta baya da gefe ake binta, mutum na tsaye a inda ya riga ya ƙone, yana bugun gindin harshenta yana maida tartsatsin ciki, ana matse ta har ta iso hanyar da aka share. A tuna tana ƙara gudu in za ta hau tudu, kada kowa ya tsaya mata a sama. Rigar leda da takalmin roba narkewa suke a jiki, a sa auduga, a jiƙa rawani a rufe hanci. Dabbobi kuma gefe ake kora su, ba a sa su gudu gaban iska. Ko wutar ta mutu, a bar mutane su kwana suna bin kututture da kashin shanu suna binnewa.

Masu gari da arɗaɗɗai da hukumomin gari na Filinge da Shikal da Abala, ku sa ranar zaman nan tun gero bai fid da kai ba. Masu ba da kuɗin aikin kuma su sake su kafin Oktoba.