"Ka karɓa kawai, baɗi ka sauya": maganar da ke cinye wa ɗalibai zangon farko

Duk shekara, da an yi mako uku ko huɗu da buɗe makaranta, sai na ga irinsa a ƙofar ofis. Bana ma ya zo. Yaro ne daga wajen Kirikasamma, fayil sabo fil a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malam, fom ɗin canjin kwas nake nema." Na ce wane kwas aka ba ka? Ya ce kiwon kifi, yana faɗa yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar sata. Na ce lakca nawa ka shiga? Sai ya hau sosa ƙeya. Ashe tun ranar rajista bai taka aji ba. Wani yayansu na unguwa ne ya ce masa ya karɓa kawai don ya samu shiga, baɗi ya koma kwamfuta, ai sakamakon zangon farko ba ya shiga lissafi.

Na daɗe ina riƙe da aikin jarrabawa, kuma wannan magana ta gundure ni. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko kana kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja, ko jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ko kwalejin ilimi ta Gumel, ko jami'ar tarayya ta Dutse, tara maki ake yi tun daga ranar farko, shi ne abin da kuke kira CGPA. Babu zangon da ake yafewa.

Ɗauki biro mu yi lissafi, ɗana. Ƙaramar difloma zango huɗu ce kacal, ke nan na farkon shi kaɗai rubu'in sakamakonka ne. Ma'auninta yana tsayawa a 4.0. Daraja ta ƙoli tana farawa daga 3.5, mai bi mata daga 3.0. A ce ka yi wasa ka tashi da 2.0 a zangon farko, kuma nauyin darussan kowane zango ɗaya ne. Kafin ka kai 3.0 sai ka riƙa kawo sama da 3.3 a sauran zango ukun, ba fashi. Daraja ta ƙoli kuwa sai ka ci 4.0 cif sau uku a jere, abin da ko malaman da ke koyar da kai kaɗan ne suka taɓa yi. In 1.8 ka samu, wannan ƙofa ta rufu tun kana sabon shiga. A jami'a shekarun sun fi yawa, ma'aunin kuma 5.0 ne, amma darasin da ka faɗi zai biyo ka aji biyu, ya zauna a kan jadawalinka, ya yi karo da wata lakcar, ya jawo maka faɗuwa ta biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi, canjin da ake wa yaro romon baka da shi, da wannan sakamakon ake nemansa. Sashen da kake son komawa sai ya duba abu uku: ko takardarka ta WAEC ko NECO tana da kiredit ɗin da yake buƙata, ko akwai gurbi, da kuma abin da ka samu a shekarar da ka yi. Wane shugaban sashe ne zai karɓi wanda ya faɗi darasi huɗu a inda ya baro? Mai son barin kwas shi ya fi kowa buƙatar ya ci shi da kyau. Kuma a difloma mai shekara biyu, canji a tsakiya sau da yawa komawa aji ɗaya ne, da sabon kuɗin makaranta.

Sai gargaɗin da zan nanata har ku gaji da ni. Kada ka sauya kwas a baki. Kada ka tashi daga wannan aji ka koma wancan don wani ma'aikaci ya ce maka "ba komai, za mu gyara". Tun 2017 hukumar JAMB take bi da gurbin karatu ta tsarinta na intanet mai suna CAPS, kuma abin da ke kan takardar shigarka ta JAMB shi ne abin da hukumomi suka sani. In takardar ta ce noma, kai kuma ka gama da shaidar lissafin kuɗi, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa za ka gane kurenka. Na ga waɗanda suka gama karatu, abokansu suka sa kakin NYSC suka dawo, su kuwa suna ta safa da marwa tsakanin makaranta da ofishin JAMB da tarin takardu. Canji na gaskiya yana da fom, da sa hannun sashen da ya sake ka da wanda ya karɓe ka, da amincewar makaranta a rubuce, sannan a gyara a wajen JAMB. Ka sake buga takardar ka gani da idonka. Ka yi hoton komai, ka kai kwafi ɗaya gida a sa a akwatin Inna. Wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya yi maka ta bayan fage, in asiri ya tonu ba za ka ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Dalilan da ke sa yara faɗawa wannan tarko ba ɓoyayyu ba ne: gurbi ya yi kaɗan, kowa likita ko kwamfuta yake so, uba kuma yana son abin da zai faɗa a majalisa. Makarantunmu ma da nasu laifin. Sai a jinkirta taron wayar da kan sababbin ɗalibai har an yi tes na farko, a cika shi da jawabin manya, littafin dokoki kuma a ce yana wajen ɗab'i. Inda malami bai yi magana ba, ai yayan unguwa ne zai yi.

Ni dai raina kwas ɗin noma a bakin ɗan wannan yanki yana ɗaure mini kai. Kasuwar kifi ta Haɗeja daga nesa ake zuwa cinta. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a farkon 2023, yana buƙatar masu sanin ruwa da ƙasa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru, ambaliyar 2020 da ta 2022 kuma kowa ya san abin da suka yi wa shinkafa. Aiki ne jibge a ƙofar gida, amma mai gidan yana jin kunyar karanta shi. Ban ce dole kowa ya so noma ba. Wanda zuciyarsa ba ta ciki ya nemi canji ta ƙofa, ko ya sake zana JAMB yana ci gaba da shiga aji.

Ƙungiyoyi kuwa, shiga ɗaya ta wadatar a zangon farko. MSSN ta ɗalibai Musulmi ce, ko ta sashenku, ko ta ɗaliban garinku, zaɓi. Amma sabon ɗalibin da ke yawo da fastar takarar wani, ana kiransa kwamared, alhali bai san ɗakin da ake yin firaktikal ba, wannan wahalar banza yake yi. Maki 30 ko 40 cikin 100 daga tes da aikin gida suke fitowa, kuma makarantu da yawa ba sa barin wanda halartarsa ta gaza kashi 75 cikin 100 ya zauna jarrabawa. Iyaye ma ku ji: kiran yaro gida mako biyu don yankan shinkafa yana iya cin tes biyu. In ya zama dole, ko ruwa ya yanke hanya, a rubuto wa mai kula da ajinsu tun kafin ranar, ba bayan an manna sakamako ba.

Shi yaron Kirikasamma ban ba shi fom ba, don lokacinsa bai yi ba. Na sa ya kwafi jadawalin lakca a gabana, na tura shi wajen mai kula da ajinsu ya duba darussan da ya yi wa rajista, sai ga shi ya tsallake guda na dole. Kwana biyu ya rage a rufe gyaran rajista. Ya ari littafin wata 'yar ajinsu, ya kwana uku yana kwafa. Tes ɗaya dai ya riga ya wuce shi, maki goma, kuma malamin darasin ya ce ba zai sake shirya wani ba.