Kyamara Mai Madubi Da Idanunta: Jawabi Ga Mai Niyyar Saye

Mutumin da ya daɗe yana ɗaukar hoto da wayarsa ta hannu ya kan kai wani matsayi inda wayar ba ta ƙara gamsar da shi. Ranar suna, a cikin ɗaki mai ƙarancin haske, hoton jariri ya fito dishi-dishi. Ranar Salla kuma liman yana can gaban sahu, in aka jawo shi kusa sai fuskarsa ta watse. Daga nan sai mutum ya shiga tara 'yan kuɗinsa, har ran da zai nufi kanti ya ce a ba shi babbar kyamara irin ta masu hoto, wadda a ke rubuta haruffan DSLR a jikin kwalinta. Tambayar da ya kan fara yi wa mai kanti ita ce, ɗigo miliyan nawa ta ke da shi? Alhali kuwa a cikin dukan tambayoyin da ya kamata ya yi, wannan ce ta fi ƙarancin amfani.

Kafin a zo kan ciniki, ya kyautu a san abin da ke cikin akwatin. Asalin hikimar tsohuwa ce ƙwarai. Ibnul Haisam, masanin nan da aka haifa a Basra wajen shekarar 965, wanda ya yi zamansa a Alƙahira, ya bayyana yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, amma a kife. Duk wanda ya taɓa kwanciya da tsakar rana a ɗakin da ƙyaurensa ke da huda, ya ga inuwar masu wucewa tana tafiya a bango ƙafa a sama, ya riga ya ga kyamara. Abin da aka ƙara daga baya shi ne, aka sa gilashi a bakin kafar don ya tattara hasken, aka kuma sa abin da zai riƙe surar a maimakon bango.

Kashi biyu ne ita wannan na'ura. Akwai uwar kyamara, watau akwatin da a ke riƙewa, akwai kuma ido, watau bututun nan mai jerin gilasai da a ke murɗawa a gabanta, a cire shi in an so a sa wani. A cikin uwar, daidai bayan idon, akwai madubi a jingine. Hasken da ya shigo ya kan daki madubin ya yi sama, ya bi ta wani dunƙulen gilashi ko waɗansu ƙananan madubai da ke miƙar da surar, sa'an nan ya fito ta 'yar tagar da mai hoto ke leƙawa. Saboda haka abin da mutum ke gani shi ne ainihin abin da idon kyamarar ke gani. Da ya danna maɓalli, madubin ya ɗaga, wani labule ya yaye, haske ya faɗa a kan farantin da ke jin haske, labulen ya rufe, madubin ya koma mazauninsa. Ƙarar nan "ƙwas" da a ke ji ke nan, kuma shi ya sa tagar ta kan yi duhu na ƙiftawar ido.

An ƙera irin wannan kyamara mai ƙaramin fim a Dresden ta ƙasar Jamus tun 1936. Farantin da ya maye gurbin fim kuwa ya samo tushe ne daga aikin Willard Boyle da George Smith a Amurka cikin 1969, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko marar fim. Ɗigonta 10,000 ne kacal, kuma ta kan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kan kaset. Talaka bai iya kusantar mai madubi marar fim ba sai a 2003, sa'ad da Canon ya fito da EOS 300D, wadda aka sayar tare da idonta a kan kuɗin da bai cika dala 1,000 ba.

Ita 300D ɗigo miliyan 6 ta ke da shi, kuma an buga manyan hotuna masu kyau da ita. Ga lissafin. Hoton da a ke so ya fito tas a takarda yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai girman katin gaisuwa, inci 6 da inci 4, bai ci fiye da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ba. Kyamarorin masu koyo na shekarun baya-bayan nan, kamar Nikon D3500 da Canon EOS 2000D, waɗanda duka biyu suka fito a 2018, miliyan 24 su ke da shi, watau abin da zai cika takarda mai inci 20 da inci 13. Ashe mai saye bai da dalilin ƙara ko kwabo don neman ɗigo. Abin da ya sa babbar kyamara ta fi waya a cikin duhu shi ne faɗin farantin. Na Nikon milimita 23.5 ne da 15.6, na Canon kuma 22.3 da 14.9, kowannensu ya riɓanya na galibin wayoyi sau da yawa. Babban faranti ya fi tara haske, kamar yadda babbar tasa ta fi ƙoƙo tara ruwan sama.

Tambaya ta fari da ta kamata ita ce ta baki, watau zoben ƙarfen da ido ke shiga. Kowane kamfani da nasa, kuma idon wannan ba ya shiga uwar wancan. Nikon yana amfani da bakinsa mai suna F tun 1959, Pentax da nasa mai suna K tun 1975, Canon kuma da EF tun 1987. Wanda ya sayi uwa, kamar wanda ya yi aure ne a wani gida, dangin gidan duka sun zama nasa. Don haka mai hankali ya kan duba abin da abokansa da masu gyaran kyamara na garinsu ke riƙe da shi. In ƙanensa yana da Canon da idanu uku, ba shi da wata hujja ta sayen Nikon, gama aron ido ya fi sayensa sauƙi. Game da kyan hoto kuwa, gardamar da magoya bayan kamfanonin biyu ke yi ba ta da bambanci da ta masu kallon ƙwallo.

Akwai kuma wata magana da ba kowane mai kanti zai faɗa ba. Zamanin kyamara mai madubi yana ƙarewa. A 2018 Canon da Nikon suka fito da sababbin bakuna domin kyamarori marasa madubi, waɗanda ke nuna sura a kan ƙaramin allo a cikin tagar, kuma tun bayan 2020 babu ɗayansu da ya sake fito da sabon samfurin mai madubi. Nikon ya daina ƙera D3500 da D5600. Pentax ne ya tsaya a kan tsohon tafarki. Wannan ba abin tsoro ba ne ga mai koyo, ribarsa ce ma, domin masu sauya sheƙa sun cika kasuwa da na hannu masu lafiya a kan kuɗi kaɗan. Har wa yau mai madubi ba ta cin batir sosai, tun da tagarta madubi ne ba allo ba. An auna D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji guda, abin da zai yi wa mutumin da ke zaune inda wuta ke yawan ɗaukewa daɗi. Kuma kamfanonin biyu suna sayar da zoben haɗi da ke sa tsofaffin idanu su yi aiki a kan sababbin uwaye. Uwa ta kan tsufa cikin 'yan shekaru, ido kuwa ya kan bi mai shi daga wannan uwa zuwa waccan.

Lambobi iri biyu a ke rubutawa a jikin kowane ido. Na farko tsawonsa ne da milimita. Ƙaramar lamba, kamar 18, tana ɗebo fili mai faɗi, ta haɗa zaure da mutanen cikinsa. Babba, kamar 200, tana jawo abu mai nisa, amma ta ɗebo kaɗan. Na biyu, wanda a ke rubutawa da harafin f, shi ne faɗin ƙofar da haske ke bi. A nan ne masu koyo su kan ruɗe, don ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa lambar rabawa ce: ido mai milimita 50 a kan f/2 ƙofarsa milimita 25 ce, a kan f/4 kuma 12 da rabi. Jerin ya kan tafi 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki yana rage rabin hasken na gabansa.

Idon da a ke haɗawa da uwa a cikin kwali kusan kullum shi ne mai tafiya daga 18 zuwa 55. Ba abin rainawa ba ne. Da rana a waje ya isa, kuma da shi ne mutum zai gane tsawon da hannunsa ya fi so. Rauninsa shi ne, in an kai shi 55 ƙofarsa ba ta wuce f/5.6 ba. Maganin wannan shi ne ido mai tsawo guda, wanda ba ya jawowa, mai f/1.8. In aka yi lissafi, hasken da ke shiga ta f/1.8 ya kusa ninka na f/5.6 sau 10. Shi ne bambancin hoton suna da ya fito garau da wanda ya fito kamar an ɗauka daga kan jaki. Shi ne kuma ke narkar da abin da ke bayan mutum, fuska ta tsaya ita kaɗai. Irin wannan ido yana cikin mafiya araha a kowane kamfani, kuma in mai saye yana da sauran kuɗi, a nan ya kamata su tafi, ba a kan uwa mai tsada ba. Sai dai a kiyaye: babbar ƙofa wuri kaɗan ta ke kaifafawa. Wanda ya jera dangi sahu uku ya ɗauke su a f/1.8, na gaba za su fito, na baya su zama hayaƙi. Hoton taro yana son f/5.6 ko f/8.

Wane tsawo za a zaɓa? Mutane da yawa su kan ce 50, domin sun gaji maganar daga zamanin fim, wanda faɗinsa milimita 36 ne da 24. Amma farantin kyamarar mai koyo bai kai haka ba, tsakiyar surar kawai ya ke ɗauka. Ido mai 50 a kan Nikon ya kan ga abin da 75 ke gani a kan fim, a kan Canon kuma 80. Ga hoton fuska, madalla. Amma a ɗan falon haya na Landan ko ɗakin zango a Kumasi, mai hoto zai yi ta ja da baya har ya daki bango mutane ba su shiga ba. Domin cikin gida, Nikon yana da 35 mai f/1.8, Canon kuma yana da wani siriri mai 24 da f/2.8. Mai Nikon ya lura da abu guda. Uwayen D3000 da D5000 da ƙannensu ba su da injin juya ido a cikinsu. Tsohon ido mai harafin D a ƙarshen sunansa zai shiga, amma ba zai kaifafa da kansa ba, sai da hannu. Mai alamar AF-S shi ne abin nema.

Dogon ido, mai kaiwa 250 ko 300, na masu son tsuntsaye ne da wasan ƙwallo da hawan dawaki. Ba a gaggawar sayensa. Yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda ya ke ƙara girman abu, har ya zama a kan 300 ana son labule ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, sai fa in idon yana da na'urar hana rawa.

Wanda zai sayi ta hannu ya tambayi sau nawa labulen ya yi aiki, gama kyamara tana ƙidayawa, kuma na masu koyo an gwada su ne a kan kamar sau 100,000. Ya ɗauki hoton farin bango a f/16, ya buɗe shi da girma. Baƙaƙen tabo alamar ƙura ce a kan faranti, wannan kuwa ana sharewa. Sa'an nan ya cire idon ya haska tocila ta cikinsa. In ya ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce ta tsiro a tsakanin gilasai, ya ajiye ya nemi wani. Ita funfuna cutar ƙasashe masu laima ce, irin su Akara da Duwala da Jidda, inda ya kamata a riƙa ajiye kaya a cikin akwati mai rufuwa sosai tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi. Mutanen Injamena da Khartum kuwa ƙura ce abokiyar gabarsu. Kada su canja ido a fili lokacin hunturu ko guguwa. In ya zama tilas, a juya wa iska baya, a kifa bakin uwar ƙasa, a kuma riga an kwance murfin sabon idon kafin a cire tsohon.