Igiyar Ƙarfen Ƙaramar Tarakta: Dalilin Tsinkewarta da Yadda Ake Sauya Ta

Gabatarwa

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala gininta a kan kogin Rima a shekarar 1984, ta ƙarfafa noman rani a ƙasashen Goronyo da Wurno, haka kuma fadamun Rabah sun daɗe da sanin wannan sana'a. Shinkafa da albasa da tafarnuwa kuwa ba sa jiran manomi, kowanne da lokacin shukarsa. Saboda haka duk abin da zai tsayar da injin huɗa na mako guda, asara ce babba, ko da abin bai wuce tsinkewar igiya ba.

Manyan taraktoci da ƙarfin matsin mai suke ɗaga garma. Amma wasu ƙanana na lambu, igiyar ƙarfe ce ke wannan aiki, wadda makanikai ke kira kebul. Direba zai ja liba, liba ta ja igiyar, igiyar ta bi ta kan wani faifai mai kwarmi a gefensa, sannan ta ɗaga garma daga ƙasa.

Yadda aka tufka igiyar

Wani injiniyan ma'adinai Bajamushe, Wilhelm Albert, shi ne ya ƙirƙiro igiyar ƙarfe a 1834, a garin Clausthal. Sarƙoƙin da ake jawo kaya da su daga rami suna yawan tsinkewa ba tare da wata alama ba, domin da zarar zobe ɗaya ya karye, sarƙa ta tashi aiki. Sai ya murɗa siraran wayoyi, ya yi tufka uku, kowace da waya huɗu. Ta haka in waya ɗaya ta karye, sauran za su riƙe kayan, mai aiki kuma ya ga alama tun da wuri. A yau akwai igiya mai tufka 7, kowace da waya 19, wato waya 133 ke nan.

Wannan tsari akwai irinsa a jikin ɗan Adam. Agara, wato jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin diddige, damin zarurruka ne na wani furotin mai suna kolajin, ƙananan dammuna cikin manya. Bambancin shi ne agara tana da rai, ƙwayoyin halittarta suna gyara ɗan abin da ya yage. Ƙarfe kuwa ba ya warkewa. Duk raunin da ya samu yana nan, sai dai ya ƙaru.

Me ke tsinka ta?

Na farko, gajiyar ƙarfe. Duk lokacin da igiya ta bi ta kan faifai sai ta lanƙwashe, sannan ta miƙe. Idan aka maimaita haka sau dubbai, sai 'yar tsaga da ido ba ya gani ta ɓulla a jikin waya, ta yi ta girma har wayar ta ɓalle. Shi ya sa igiya ta fi tsinkewa a kan faifai ko dab da maɗaurinta.

Na biyu, tsatsa. Ƙarfe yana yin tsatsa ne idan ruwa da iskar oksijin suka haɗu a kansa, kuma laimar fadama tana shiga har cikin tufka inda ba a gani. Na uku, ƙurar hunturu da yashi, waɗanda ke maƙalewa tsakanin wayoyi suna cin su kamar zarto. Na huɗu, fizga, kamar a ce garma ta sarƙe da saiwa, direba ya ja liba da ƙarfin tsiya.

Lissafi zai ƙara fito da batun. A ƙaddara tsawon liba santimita 60 ne daga maƙallinta zuwa hannu, igiya kuma an ɗaura ta santimita 10 daga maƙallin. Ƙarfin hannu zai ninku sau 6: jan da ya kai na kilo 20 zai zama na kilo 120 a kan igiyar. Injiniyoyi sukan zaɓi igiyar da ƙarfinta ya ninka kayanta kamar sau 5, wato a nan mai jure kilo 600. Wannan ne ya sa wayar birkin keke ko igiyar rama ba za su maye gurbinta ba.

Matakan sauyawa

1. A tsayar da tarakta a wuri mai baje, a kashe injin, a cire makulli, a sa dutse a tayoyi.
2. A sauke garma a kan katako mai ƙwari. Kada a sa hannu ko ƙafa ƙarƙashin abin da igiya kaɗai ke riƙe da shi.
3. Kafin a kwance komai, a zana hanyar da tsohuwar igiyar ta bi.
4. A kwance notuna da sifana, a zare guntayen biyu da tsumma a hannu, domin karyayyar waya tana suka kamar ƙaya. Wanda waya mai datti ta soka ya wanke ciwon, ya nemi allurar rigakafin sandarewar wuya.
5. A haɗa guntayen a auna, a sayo sabuwa mai tsawo da kauri daidai da su.
6. A duba faifai. In ya cije ko kwarminsa ya cinye, a sauya shi, in ba haka ba zai cinye sabuwar.
7. A zura sabuwar ba tare da ta ƙulle ba. In da maɗauri mai noti biyu za a kama bakinta, lanƙwasasshen ƙarfen ya hau kan guntun bakin da aka naɗo, shimfiɗaɗɗen kuma ya zauna kan ɓangaren da ke ɗauke da kaya.
8. A shafa mai kaɗan, a ɗaga garma a hankali sau da yawa, sannan a sake ɗaure notuna bayan aikin farko.

Aiki a aji

Malami ya raba wa ɗalibai wayar ɗaurin rodi. Rukuni ɗaya ya riƙa lanƙwasa tasa a kan ƙusa yana miƙewa, ɗayan kuma a kan kwalba, kowa yana ƙirga sau nawa ya yi kafin ta karye. Wace ce ta riga karyewa? Me wannan ke nunawa game da girman faifai?

Kammalawa

Igiyar ƙarfe ba kasafai take tsinkewa ba sai ta yi gargaɗi: wayoyi su miƙe tsaye, ko jar tsatsa ta fito daga cikinta, ko ta sirance a wuri guda. Manomin da ya duba tasa kafin a soma huɗar rani, ya kuma ajiye wata a gida, ya tsirar da ƙafarsa da lokacin shukarsa.