Yadda Ake Raba Gida Da Gubar Dalma

Duk wanda ya taɓa fita haƙar zinari daga Nasko ko wani ƙauyen Magama ya san dutsen nan mai nauyi, ruwan toka, mai ƙyalli, irin wanda ake niƙawa a yi kwalli. Dalma ce a cikinsa. Ƙurarsa ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, ta kuma kashe 28 a ƙauyukan Rafi, nan jiharmu ta Neja, a 2015.

Da farko, a fitar da aikin niƙa dutsen daga gida. A niƙa dutse can bakin rami, a jiƙe shi don kada ƙura ta tashi. Turmin da ya daka dutse ya yi bankwana da gero. Maigida ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro.

Sai ƙasar tsakar gida, inda babban aikin yake. Dalma ba ta ruɓewa, tafasa ruwa ba ya kawar da ita, shara da tsintsiya kuwa tayar da ita kawai take yi. A kai yara gidan dangi. A yayyafa ruwa, a kankare saman ƙasa da shebur kamar santimita 5, wato faɗin yatsu uku, har ƙarƙashin rumbu da bakin murhu, inda mai rarrafe ke tsintar abu ya kai baki. A ɗura a buhu, a ɗaure, a binne a rami nesa da rijiya da gona da makiyaya. Sannan a kawo ƙasa daga inda ba a taɓa aikin dutse ba, a shimfiɗa, a daɓe. Mai hali ya sa siminti. Irin wannan aikin aka yi a ƙauyen Bagega na Zamfara a 2013.

Bayan nan sai asibiti, a gwada jinin yara. Idan dalma ta kai maikirogiram 45 a desilita ɗaya na jini, likita kan ba da maganin DMSA, mai kama ta ya fitar da ita ta fitsari. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun dage sai an gyara ƙasa kafin a fara magani, kuma ina bayansu, domin yaron da ya koma tsohuwar ƙura zai sake haɗiye abin da aka fitar masa.

Kwallin dutse ma, iyaye mata, don Allah a daina sa wa jarirai.