Yadda Ake Jera Zane-zanen Alƙaluma da Maɓallai a Shafi Ɗaya da Bokeh

Fitar da zanen alƙaluma guda ɗaya da Python ba wani abin wahala ba ne. Aiki yana farawa ne ranar da aka ce a haɗa uku ko huɗu a shafi ɗaya, a sa take a sama, a ajiye maɓallin sarrafawa a gefe, kuma kada wani ya danne wani idan an buɗe a ƙaramar kwamfuta. Bokeh, laburaren Python da ke fitar da zane a burauza, yana da umarni uku da ke ɗaukar kusan duk wannan nauyi: `row`, `column` da `gridplot`. Kod ɗin da ke nan na Bokeh 3 ne, wanda ya fara fitowa a 2022. Idan ka ci karo da `plot_width` ko `plot_height` a wani tsohon darasi, ka san na da ne, yanzu `width` da `height` ake rubutawa.

Mataki na 1: Zana shafin a takarda

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki biro ka zana akwatuna. Take a sama, siririn akwati a hagu na maɓallai, babban zane a dama, ƙanana biyu a ƙarƙashinsa. Kowane akwati ka tambayi kanka: abubuwan da ke ciki gefe da gefe suke, ko wani a kan wani? Amsar ita ce kod ɗinka.

Mataki na 2: Tanadi zanukan

Girka laburaren da `pip install bokeh`, sannan ka buɗe fayil mai suna `hatsi.py`. Za mu yi misali da shagon hatsi da yawan buhunan da ya sayar cikin wata shida. Alƙaluman na gwaji ne, ka sauya su da naka.

```python
from bokeh.plotting import figure, show, output_file
from bokeh.layouts import row, column, gridplot
from bokeh.models import Slider, Div

watanni = [1, 2, 3, 4, 5, 6]

def zana(suna, buhuna, launi):
    z = figure(title=suna, width=350, height=250, y_range=(0, 80))
    z.line(watanni, buhuna, line_width=2, color=launi)
    return z

masara = zana("Masara", [40, 52, 47, 60, 58, 71], "orange")
gero = zana("Gero", [22, 25, 31, 28, 35, 33], "brown")
dawa = zana("Dawa", [12, 10, 15, 18, 14, 20], "firebrick")
```

Lura da abubuwa biyu. Na ba kowane zane faɗi da tsawo, domin idan ba ka faɗa ba Bokeh zai ba shi fiksel 600 faɗi, 600 tsawo, uku daga cikinsu a jere kuwa sun fi ƙarfin allon yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Na kuma ɗaure ma'aunin tsaye daga 0 zuwa 80 a kansu duka. Wannan ba ado ba ne. Idan ka bar kowane zane ya zaɓi ma'auninsa, buhu 20 na dawa zai taɓo saman akwatinsa kamar yadda buhu 71 na masara ya taɓo nasa, mai kallo ya ɗauka cinikin ɗaya ne. Da zarar ka ajiye zanuka kusa da juna, ido zai kwatanta su ko ka so ko ba ka so ba.

Mataki na 3: Sahu da ginshiƙi

```python
show(row(masara, gero, dawa))
```

Shi ke nan, sun jeru daga hagu zuwa dama yadda ka lissafa su. Sauya `row` da `column`, su koma daga sama zuwa ƙasa. Idan sun matse juna, ƙara `spacing=15` a ciki don a bar tazara. Ka riƙa barin `show` guda ɗaya a fayil, kana goge na baya idan za ka gwada sabo.

Mataki na 4: Gidan dara

Idan zanukan iri ɗaya ne, girmansu ɗaya, `gridplot` ya fi dacewa. Ana ba shi jeri a cikin jeri, kowane ƙaramin jeri sahu ɗaya ne:

```python
show(gridplot([[masara, gero], [dawa, None]]))
```

Wannan `None` ɗin shi ne gurbin da aka bari fayau. Mayar da shi gaban `dawa`, za ka ga zanen dawa ya koma dama. Idan zanukan suna da yawa har rubuta jerin ya gundure ka, ba shi su a dunƙule ka faɗa masa yawan ginshiƙai: `gridplot([masara, gero, dawa], ncols=2)`.

Abin da ya bambanta shi da haɗa `row` da `column` da hannu shi ne sandar kayan aiki. Kowane zanen Bokeh yana zuwa da tasa, mai ɗauke da abin zuƙowa, abin ja da abin adanawa. `gridplot` yana tattara su ya mayar da su guda ɗaya a saman gidan darar, shafi ya yi tsaf. Amma fa don ya yi hakan sai ya cire ta kowane zane, saboda haka ka goge layin `gridplot` ɗin kafin ka wuce gaba, kada ka zo kana neman sandar da ta ɓace.

Akwai wata dabara da ke tafiya da `gridplot`. Rubuta `gero.x_range = masara.x_range` kafin `show`, duk inda aka ja ɗaya, ɗayan zai bi shi, watannin su ci gaba da fuskantar juna.

Mataki na 5: Gina daga ciki zuwa waje

Yanzu koma ga takardarka. `row` yana karɓar `column`, `column` ma yana karɓar `row`, kamar kwanukan samira da ake saka ƙarami a cikin babba. Fara da na ciki, ka ba kowane akwati suna. Kada ka cusa komai a layi ɗaya mai baka goma, gobe kai kanka ba za ka gane shi ba.

```python
take = Div(text="<h2>Cinikin hatsi, Janairu zuwa Yuni</h2>")
kauri = Slider(title="Kaurin layi", start=1, end=8, step=1,
               value=2, sizing_mode="stretch_width")
for z in (masara, gero, dawa):
    kauri.js_link("value", z.renderers[0].glyph, "line_width")

gefe = column(kauri, width=220, height=250, sizing_mode="fixed")
kanana = row(gero, dawa, sizing_mode="stretch_width")
tsakiya = column(masara, kanana, sizing_mode="stretch_width")
jiki = row(gefe, tsakiya, sizing_mode="stretch_width")
shafi = column(take, jiki, sizing_mode="stretch_width")

output_file("hatsi.html", mode="inline")
show(shafi)
```

A wurin Bokeh, take da sandar ja (`Slider`) da zane duk abu ɗaya ne idan ana maganar jerawa, ko'ina ɗaya ya shiga ɗayan ma zai shiga. Abin da bai yarda da shi ba shi ne ka sa abu guda sau biyu a tsari ɗaya. Idan kana son masara ta fito a wuri biyu, kira `zana` sau biyu.

Mataki na 6: Girma, inda ake yawan tuntuɓe

Jerawa ba ta cika ba mutane ciwon kai ba, `sizing_mode` ne ke bayarwa. Ga abin da kowanne ke yi. `fixed` yana riƙe faɗi da tsawon da ka ba shi, ko an buɗe taga ko an tsuke ta, kuma yana son ka faɗa masa duka biyun. `stretch_width` yana cike faɗin da ya samu, tsawo ya tsaya yadda yake. `stretch_height` akasin haka. `stretch_both` yana cike ko'ina, ba ruwansa da ko zanen ya baje ko ya miƙe. Sai dangin `scale_width`, `scale_height` da `scale_both`, waɗanda ke girma amma suna kiyaye daidaiton faɗi da tsawo. Su ake so ga taswira ko zane mai da'ira, inda miƙewa za ta ɓata siffa.

Ƙa'idar da ya kamata ka haddace ita ce: yanayin da ka ba `row` ko `column` yana sauka kan 'ya'yansa na kusa waɗanda ba su zaɓi nasu ba, amma ba ya taɓa wanda ya riga ya zaɓa, kuma ba ya tsallakewa zuwa jikoki. Duba kod ɗin sama. `masara` ba ta da nata, sai ta karɓi na `tsakiya`. `gefe` ya riga ya ce shi `fixed` ne, shi ya sa `jiki` bai miƙe shi ba, ya tsaya a fiksel 220 ya bar wa zanuka sauran fili. `kauri` kuma nasa ya zaɓa, don ya cike wannan 220 ɗin daidai. Gwada ka cire `sizing_mode` daga `kanana`: akwatin zai buɗe, amma gero da dawa za su maƙale a 350 ɗinsu, fili ya rage a dama. Duk lokacin da zane ya ƙi buɗewa, bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya daga waje zuwa ciki, za ka tarar da wanda ba a faɗa masa ba.

Ni dai shawarata, ka tsaya kan `stretch_width` a yawancin shafuka. Mutane sun saba gangarawa ƙasa su ga saura, `stretch_both` kuwa ƙoƙari yake ya cusa komai cikin tsawon allo ɗaya, zanuka shida su koma 'yan siraran layuka da ba a iya karantawa. Haka kuma `row` ba ya sauko da zane zuwa sabon layi da kansa idan allo ya yi ƙanƙanta. Idan ka san a waya za a fi buɗe shafin, jera komai da `column` tun farko.

Mataki na 7: Fayil ko sabar

Wancan `mode="inline"` yana saka kod ɗin JavaScript na Bokeh a cikin fayil ɗin kansa. Fayil zai ƙara nauyi, amma zai buɗe ko babu intanet. Idan ka cire shi, burauza za ta je ɗauko kod ɗin daga intanet, wanda ka tura wa kuwa idan datarsa ta ƙare farin shafi kawai zai gani.

Sandar janmu tana aiki a fayil ne saboda `js_link` a cikin burauza yake gudana. Idan maɓallin zai kira kod ɗin Python, misali ya sake karanto alƙaluma ta `on_change`, fayil kaɗai ba zai iya ba. Sai ka shigo da `curdoc` daga `bokeh.io`, ka sauya layuka biyu na ƙarshe da `curdoc().add_root(shafi)`, sannan ka rubuta `bokeh serve --show hatsi.py` a taminal. Shafin zai buɗe a `localhost:5006`, da tsarin da ka gina ba tare da ka canza ko akwati ɗaya ba.