Shawara ga Maharba a kan Auna Harsashin Dalma

Ya ku maharban Toranke da na sauran garuruwan Ajingi da Gaya, ku sani cewa harsasan dalma da aka zuba a mazubi ɗaya, ko da sun yi kama da juna a ido, sau da yawa nauyinsu yakan saɓa, domin idan mazubin bai yi zafi ba iska takan maƙale a ciki ta bar kogo, kuma irin wannan harsashi shi ne yake karkacewa ya raunata dabba ta tsere da azaba, alhali shari'a ta umarce mu da ihsani ko wajen kisa.

Saboda haka ku nemi ƙaramin mizani irin na masu sayar da zinariya, ku auna harsasan ɗai-ɗai, ku ware waɗanda nauyinsu ya daidaita, ragowar kuwa a sake narka su. A yi narkin a fili, nesa da yara da tukwanen abinci, kada ɗigon ruwa ya faɗa cikin narkakkiyar dalma, sannan a wanke hannu, gama gubar dalma ta halaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kuma kada kowa ya riƙe bindiga sai da izinin hukuma.