Gida Ne Makarantar Farko

A shekarar 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta koyar cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sake jaddada haka a 1981, cikin wasiƙarsa a kan iyali. Ba za mu iya sauke wannan nauyi a kan malamin makaranta ko katekis ba.

Kafin yaro ya cika shekara 6, ƙwaƙwalwarsa takan kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba sai da littattafai masu tsada ba. Idan uwa tana tsince wake, ta bar yaro ya ƙirga mata goma. Da dare mu yi masa tatsuniya, gobe shi ya maimaita mana da bakinsa. In ya yi tambaya, kada mu kore shi da tsawa, gama yaron da ake yi wa haka yakan daina tambaya, har a aji. Kafin barci, mu riƙe hannunsa mu koya masa alamar gicciye.

Allah ya ba mu haƙuri irin na Maryamu da Yusufu. Amin.